Sabulun Ruwa da Gujiyar Amarawa

A hutun da ya wuce ɗiyar ƙanwata ta zo gaishe ni. Ta zauna bakin tabarma ta yi tagumi, kamar wadda aka ci wa amana. Tana aji uku a jami'a, tana kuma cikin wata ƙungiyar ɗalibai masu aikin sa kai. Watanni kafin zuwan nata, su goma sha biyu suka yi karo-karo daga kuɗin cefanensu, suka roƙi abin da ya samu wurin 'yan uwa, suka ɗauki shatar mota har Amarawa, dab da Illela. Suka tara mata a wani aji na firamare, kwana biyu suna koya musu haɗa sabulun ruwa da man shafawa da turaren fesa ɗaki. Aka raba robobi da sinadarai, aka ɗauki hoto a gaban ƙyallen da ke ɗauke da sunan ƙungiya, aka yi addu'a aka watse. Bayan wata biyu ita da wata ƙawarta suka koma don su ga yadda sana'a ke tafiya. Ba su tarar da mace ko ɗaya tana haɗa sabulu ba. Robobin kuwa suna nan lafiya lau, wata ta zuba gishiri a nata, wata daddawa.

"Kawu, mutanen nan fa ba sa son ci gaba," in ji ta.

Na ce, ɗiyata, a kwana biyun nan da kuka yi, babu wadda ta ce muku komai? Ta yi shiru, can ta tuna. Wata dattijuwa ta ɗaga hannu tun ranar farko, ta ce: "Ɗiyata, wa ka sayen wanga sabulu garin ga? Ni dai da gujiya kunka kawo man." Ajin ya fashe da dariya, har da su ɗaliban. Wani Bakano a cikinsu ya ɗauka gurjiya take roƙo ta dafa ta ci. Bai san a bakin Basakkwace gujiya ita ce gyaɗa ba, bai kuma san cewa a cikin jimla biyu tsohuwar ta gaya musu abin da aikinsu ya rasa gaba ɗaya ba: ta tambaye su kasuwa, ta kuma faɗa musu jarin da take bukata.

Ban rubuta wannan don in yi wa yaran nan dariya ba. Ɗalibin da ya cire kuɗin garin kwakinsa ya zuba a motar Illela ya fi mu da muke zaune a inuwa muna sharhi. Ɗiyar tawa ma ta yi abin da mafi yawan masu raba tallafi ba sa yi, manyansu da ƙananansu, wato ta koma ta duba. Abin da nake ja da shi shi ne tunanin da suka ɗauko daga gari suka kai ƙauye, cewa talaucin mace a ƙasar Hausa rashin sana'a ne, saboda haka maganinsa a koya mata wata. Wannan tunani ba su suka ƙirƙiro shi ba, gadonsa suka yi. Tun shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida a 1987, da na tallafa wa iyali na Maryam Abacha a 1994, har zuwa cibiyoyin koyon sana'a da kowace matar gwamna ke buɗewa da sunanta, salon ɗaya ne: a tara mata, a koyar, a raba keken ɗinki, a tafi. Kusan shekara arba'in ana wannan, amma da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta auna talauci a 2019, Sakkwato ce ta zo kan gaba da kashi 87.73 cikin ɗari. Da ta sake aunawa a 2022 da ma'aunin da ya haɗa lafiya da ilimi da yanayin zama, Sakkwato ce dai, da kashi 91.

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san babu macen da ba ta da abin yi. Wannan tana ƙuli-ƙuli, waccan fura, ta ƙuryar can tana murza taliya, amarya tana kitso da lalle, tsohuwa tana daddawa da saƙar faifai, kuma kusan kowace tana da akuya ɗaure a turke. Polly Hill, Baturiyar da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta tun 1969 cewa akwai wata kasuwa ɓoyayya a ƙasar Hausa, wadda ba ta da rumfa ba ta da ranar ci, tana gudana daga gida zuwa gida a hannun matan kulle da yaran da suke aika. Baƙuwa ta gani ta yi mamaki. Mu da muka girma da kuɗin wannan kasuwa, da shi aka saya mana takalmin makaranta da kayan ɗakin 'yan uwanmu mata, mu ne muka je jami'a muka dawo muna rubuta “ba ta da sana'a” a gaban sunan iyayenmu.

To me ya hana tsohuwar Amarawa arziki, tunda ta iya aikinta? Mu bi ta a hankali. Ba ta da kuɗin sayen buhu, sai dai ta auno tiya biyu ko uku, sau da yawa bashi, a hannun mai awo wanda ya riga ya ɗora ribarsa. Ta soya, ta kai inji a niƙa, ta biya. Ta dawo ta tsaya kan turmi tana juya tunkuza da ruwan zafi har mai ya fito, ta sayi itace, ta murza ƙuli ta soya. Yini guda ya tafi. Jikarta ta ɗauki tire ta zaga gari, wani ya saya, wani ya ce a rubuta. Da yamma ta ƙirga abin da ya shigo, ta biya mai awo, ta sayi magi da gishiri, ta ba yaro kuɗin allura, abin da ya rage ta ƙulle a bakin zane. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da wani a gidan, ko suna ya taso a dangi, uwar kuɗin ake ci. Da kaka gyaɗa tana araha amma ba ta da abin saye ta ajiye. Da bazara, lokacin da kuɗin mai ya yi kyau, gyaɗar ta yi tsadar da ribar ke komawa wurin wanda ya ɓoye buhuna a sito. Wannan mata ba darasi ta rasa ba. Buhu biyu da kaka, da wurin ajiya, da wata hanya da za ta hana rashin lafiyar jika cinye jarin, su ne tsakaninta da canjin rayuwa.

Sabulun ruwa kuma, dubi abin da yake nema daga gare ta. Sinadaransa sai an sayo daga birnin Sakkwato, tafiyar kimanin kilomita 80 ta Gwadabawa da Kware, a zamanin da kuɗin mota ya ninka tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023. Mai sayensa mutumin birni ne mai wurin wanke kwanuka da famfo. Kuma an koya wa mata talatin rana ɗaya a gari ɗaya, ko da akwai masu saye biyar, an riga an kashe kasuwar tun ba ta ci ba. Matan ba su ƙi ci gaba ba. Lissafi suka yi, wanda masu karatun lissafin ba su yi ba.

Sai kuma wurin da kansa. Amarawa ba ƙauye ba ne irin wanda ke can ƙurya babu mai ratsa shi. Tana zaune a bakin ɗaya daga cikin manyan ƙofofin Nijeriya da Nijar. Kasuwar Illela ta ranar Lahadi tana tara dabbobi da hatsi da albasa daga ƙasashen biyu, Birnin Ƙonni kuwa ga ta nan ƙetare, ɗan babur ya kai ka ya dawo kafin shayi ya huce. Dangi ɗaya ne, aure ɗaya, harshe ɗaya. Saboda haka duk abin da aka yanke a Abuja ko Yamai, a tukunyar matan nan yake fara bayyana. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, aka bi da hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, ba a buɗe Illela ba sai Disambar 2020. Farkon 2023 canjin takardun naira ya ɗauke tsabar kuɗi daga hannun mutane, alhali cinikin ƙuli da fura ba ya san taransifa. Watanni kaɗan bayan haka sojojin Nijar suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, aka sake garƙame ƙofa har Maris na 2024. Ga kuma sauyin darajar kuɗi: jaka ɗaya ta sefa da ba ta wuce naira ɗari uku da 'yan kai ba shekara goma kafin nan, a 2024 ta haura naira dubu biyu. Wannan kaifi biyu gare shi. Kayan da aka sarrafa a wannan gefe sun yi wa mai sefa araha, wanda alheri ne ga mai sayarwa. Amma mai sefan nan shi ne kuma yake iya taya gyaɗa da gero sama da yadda tsohuwarmu za ta iya. Ɗalibin tattalin arziki da zai zauna ya warware wa ƙungiyar mata wannan lissafi, ya gaya musu wane kaya ya fi dacewa su fuskantar da shi ga masu zuwa daga Ƙonni, ya yi musu abin da sabulu ɗari ba zai yi ba.

Ba na son in wuce batun tsaro kamar ban gan shi ba. A farkon 2021 'yan bindiga sun shiga Amarawa, an rasa rayuka da dama. Gabashin Sakkwato, daga Isa da Sabon Birni zuwa Goronyo, ya shekara da shekaru cikin wannan masifa, ga kuma 'yan bindigar Lakurawa ta ɓangaren Tangaza da Gudu. Ma'anar wannan ga zancenmu ita ce yawancin matan da ake kira marasa galihu a yankin yau zawarawa ne da 'yan gudun hijira, waɗanda suka bar turmi da tukunya da awaki a garin da ba za su iya komawa ba. Irin wannan mata ta iya sana'a sarai, kayan aikinta ne aka raba ta da su. Kuma ɗalibin da zai je can dole ya san ranar tafiya da lokacin dawowa, ya saurari mutanen gari. Ba a jarunta da ran 'ya'yan mutane.

Misalin da aka fi ambata a duniya idan ana zancen jami'a da matan karkara shi ne na Muhammad Yunus. A da malamin tattalin arziki ne a Jami'ar Chittagong ta Bangaladash. Bayan yunwar 1974 ya gaji da koyar da abin da ba ya hana mutum mutuwa a bakin ƙofar makaranta, ya kwashi ɗalibansa suka shiga ƙauyen Jobra da ke maƙwabtaka da su. Abin lura shi ne ba su je da sana'a ba. Sun tarar da mata suna saƙa kujerun gora, sun iya aikinsu, amma kuɗin sayen goran a hannun ɗan kasuwa suke karɓa bisa sharaɗin shi za su sayar wa kujerar a farashin da ya ga dama. A 1976 wata ɗalibarsa ta bi gida-gida ta rubuto sunayen mutum 42, jimlar abin da ya ɗaure su duka bai kai dala 27 na Amurka ba. Aikin ɗalibar nan ƙirga ne da saurare, kuma daga takardarta bankin Grameen ya samo asali. Sai dai kada a ɗauki labarin a wuce gona da iri. Binciken da aka yi daga baya a ƙasashe shida, aka wallafa a 2015, ya nuna ƙaramin bashi shi kaɗai ba ya fitar da yawancin masu karɓarsa daga talauci. Yana taimakon wadda ta riga ta tsaya da ƙafarta, wadda ke ƙasa kuwa wani lokaci nauyi yake ƙara mata.

A shekarar dai Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka fitar da sakamakon wani gwajin a kan gidaje sama da dubu goma a Habasha, Gana, Honduras, Indiya, Pakistan da Peru. An ba matalauta na can ƙasa jari na gani da ido, galibi dabbobi, aka haɗa musu da ɗan abin sawa a baka don kada yunwa ta sa su sayar da jarin, da wurin ajiyar kuɗi, da horo, da mai ziyartarsu a gida a kai a kai har kusan shekara biyu. Shekara guda bayan an janye hannu, yawancinsu suna nan sama da inda aka same su. Inda abin ya faɗi shi ne Honduras, domin kajin da aka raba cuta ta bi ta kashe. Duk wanda ya taɓa ganin an raba wa zawarawa awaki babu rigakafi, damina ta faɗi suka bi juna, ya san wannan labari ba na nesa ba ne. Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa tun 1975, tana da tsangayar likitancin dabbobi. Jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har Turai, ita ce bankin macen karkara. Ɗaliban ajin ƙarshe su huɗu da malami ɗaya da akwatin sanyi na allurar rigakafi, sau biyu a shekara, za su tsare dukiyar da ta fi duk abin da ƙungiyarsu za ta iya tarawa a karo-karo.

A cikin jerin abubuwan can, jari ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Amma ziyara ba ta fi ƙarfinsa ba, kuma ita ce ke da tsada a wurin manyan ƙungiyoyi saboda albashi da mota. Ɗalibi kuwa ƙafa gare shi da waya da ilimin da yake ɗauka a aji. Mai karatun kimiyyar abinci ya san guban da ke kama gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba, wanda ke lahanta hanta, ya san yadda ake tsince ta da shanya ta. Mai karatun noma ya san buhun nan mai ciki uku da ke hana wake ƙwari ba tare da magani ba. Mai karatun shari'a zai iya bin wata bazawara kotu a kan gadon da ƙannen miji suka danne, wanda watakila gona ce sukutum. Mai karatun akanta zai iya zama da mace ya raba mata uwar kuɗi da riba. Abin mamaki, duk waɗannan sukan ajiye abin da suka shekara uku suna koyo, su je su koyar da haɗa man shafawa da suka gani a YouTube daren jiya.

Ba sai mun je Bangaladash neman abin koyi ba, ƙetaren iyaka ya isa. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani tsari a jihar Maraɗi da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Adashi ne aka yi wa gyara. Mata kimanin ashirin zuwa talatin suna haɗuwa duk mako, kowa ta zuba abin da aka amince, a sa a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban, akwatin a ɗakin ta huɗu. Mai bukata ta ranta ta mayar, akwai kuma ɗan asusu na gefe don rashin lafiya da rasuwa, wanda shi ne ke tsare uwar kuɗi. Ƙarshen zagaye a fasa a raba. Babu kuɗin wani daga waje. Daga Maraɗi tsarin ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da wajenta, har ya dawo mana Nijeriya da sunan Turanci a bakin ma'aikatan ƙungiyoyi, muna karɓarsa kamar baƙo alhali ɗan gida ne. Wani bincike da aka wallafa a 2022 kan shirin gwamnatin Nijar, wanda ya shafi har jihar Tawa da Ƙonni ke cikinta, ya ƙara wani abu. Matan da aka haɗa wa asusu da horo da tattaunawar gari, inda aka tara maza da dattawa aka nuna musu fim aka yi muhawara kan sana'ar mata, sun samu ci gaba mai kyau a kan kuɗi kaɗan. Wato shawo kan maigida da liman da mai gari yana cikin jari.

Akwai wurin da za a yi tuntuɓe a ƙasar Shehu, gara a faɗe shi. A tsarin akwatin, wadda ta ranta takan mayar da ɗan ƙari, kuma mata da yawa da mazajensu za su ce wannan kuɗin ruwa ne, su ja da baya. Suna da hujja. Amma fiƙihun da ake karantawa a zaurukan Sakkwato bai rasa mafita ba: ƙungiya ta sayi buhun gyaɗa da kaka ta sayar wa 'yar ƙungiya da riba sananniya ta biya a hankali, ko a ba ta jari a raba riba bisa yarjejeniya, ko rance marar ƙari ga wadda ciwo ya kama. Ga aikin ɗalibin nazarin addinin Musulunci, wanda sau da yawa a irin wannan tafiya ba a ba shi komai sai buɗe taro da addu'a.

Wani abu kuma da ban taɓa jin ɗalibai sun tattauna ba shi ne talla. Matar kulle ba ta zuwa kasuwa, ƙafarta ita ce ɗiyarta. Enid Schildkrout ta nuna wannan a binciken da ta yi a Kano cikin shekarun 1970, kuma bai canza ba. Idan ka ninka abin da uwa ke soyawa ba ka sama mata wata hanyar sayarwa ba, ka ninka awannin da yarinya 'yar shekara tara za ta yi da tire a ka a tashar motar bakin iyaka, tsakanin direbobi da 'yan canji da 'yan bumburutu. Ka taimaki uwa ka cire ɗiya daga aji. Saboda haka neman mai sari ya fi koyar da sana'a muhimmanci nesa ba kusa ba. Ɗaliban nan suna zaune a cikin kasuwar da ba su lura da ita ba: dubban 'yan uwansu a ɗakunan kwana suna shan gari da ƙuli kullum, masu abinci a bakin makaranta suna sayen man gyaɗa jarka-jarka, masu tsire suna neman garin ƙuli. Motocin Illela suna shiga Sakkwato kowace safiya. Jarka biyar duk mako a hannun direba amintacce, da kuɗi ta waya zuwa wurin mai POS na gari, ciniki ne da ba ya bukatar tallafin kowa, ba ya kuma bukatar tire.

Na san abin da za a ce mini. Ɗalibi ba ma'aikaci ba ne, yana da jarrabawa, kuma kalandar jami'a ba ta da tabbas: yajin aikin malamai na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Yana gamawa kuma hidimar ƙasa ta jefa shi wata jiha. Gaskiya ne, kuma shi ya sa nake ganin laifin ya fi karkata ga jami'o'in da kansu. Suna tilasta wa kowane ɗalibi darasin koyon kasuwanci, a rubuta jarrabawa a manta. A arewacin Gana, jami'ar nazarin ci gaba da ke Tamale, wadda aka kafa a 1992, ta ware zango na uku na shekara don ɗalibai su tare a ƙauyuka na makonni, su zauna da mutane su rubuta abin da suka gani, kuma da maki a kai. Babu abin da ya hana a yi haka a nan, a ɗaura wa kowane sashe gari ɗaya na shekara biyar, 'yan aji huɗu su miƙa wa 'yan aji uku littafin da ke ɗauke da sunan kowace mata da jarinta da inda ta tsaya. Ƙungiyoyi irin su Enactus, da ke shirya gasar ayyukan ɗalibai tsakanin makarantu, sun zaburar da matasa da yawa, ba na musu. Amma gasa tana da ranar ƙarewa, kuma alƙalanta a ɗakin taro suke, ba su taɓa ganin robar da aka zuba wa daddawa ba.

Hoton nan ma a yi hattara da shi. Matar da ta shekara talatin ba a ga fuskarta a dandali ba, ranar da aka ba ta roba da leda sai ga ta a Facebook, an rubuta “marasa galihu” a ƙasa, ɗanta da ke ci-rani a Legas ya gani. Wata ta gwammace ta kwana da yunwa da ta sake zuwa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a Sakkwato ake wannan lalube, garin Nana Asma'u. Ita da ta so ilimi ya kai ga matan ƙauye, ba ta tara su kwana biyu ta sallame su ba. Ta zaɓi dattijai mata daga cikin garuruwan da kansu, ta naɗa su jaji, ta ɗora musu malfa, su ke jagorantar 'yan taru su zo wurinta su ɗauki karatu su koma su koyar, su sake dawowa. Ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba, kuma tsarin ya rayu bayansu duka domin jajin 'yar gari ce, ba ta gama digiri ta tafi. Kowane gari yana da irin wannan mata har gobe: uwar adashin da ba a taɓa jin kuɗi ya yi ciwon kai a hannunta ba, ungozoma, malamar Islamiyya. Ga kuma 'yan matan Illela da Gada da Gwadabawa da ke karatu a jami'o'i da kwalejojin Sakkwato, waɗanda ke shiga har ɗakin da aka rubuta “ba shiga” a ƙofar gidansa, su ji gujiya su san gyaɗa ake nufi. A tafiyar ɗiyata babu ko ɗaya daga cikinsu, ba a ma yi tunanin nemansu ba.

An ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri a 2024, mai tsawon sama da kilomita dubu, kuma daga Illela ta faro. In Allah ya sa aka gama, kaya za su riƙa wucewa ta gefen Amarawa fiye da da. Ko matan garin za su zama masu ɗora nasu kayan a motocin, ko 'ya'yansu ne za su riƙa bin tagogi da tire, wannan ya danganta da wanda ke da buhu a ɗaki lokacin.

Ɗiyar tawa ta saurari duk wannan ba ta ce uffan ba, na ɗauka ma ta ji haushi. Bayan sati biyu sai ga wayarta. Ta samo wata 'yar ajinsu mutuniyar Illela, sun shirya su koma da kaka su uku kawai, ba ƙyalle ba mai hoto, da littafi ɗaya da kuɗin buhun gyaɗa da suka rage daga asusun ƙungiya. Tana so in taimaka da kuɗin mota. Na ce zan biya na zuwa uku, amma ba zan ba da na biyu ba sai na ga abin da aka rubuta a na farko.

"To Kawu, in tsohuwar ta ƙi gaya mini ribarta fa? Ka san ba sa son a san sirrinsu."

Na ce ai ko ni ba zan gaya wa baƙon kwana ɗaya abin da ke aljihuna ba. Ki ajiye littafin a jaka, ki ja kujera ki taya ta ɓarar gujiya.